Madarar Malam Ilu

Tun da aka kai Nura gadin ƙofar kamfaninmu na ɗan lokaci ban sake samun sakat ba. Duk Juma'ar da muka haɗu a wurin mai shayin nan na Mansura bayan an sauko daga masallaci, sai ya tayar da maganar, ku kuma ku kama masa. Wai Baba Sale ya samu wuri ya yi lamo, yana zaune cikin esi daga safe har yamma, ku kuna tsaye a rana kuna ɗaga wa motoci sanda, har madara ake raba mana kamar masu jego. Shaidarku ita ce hoton nan da Nura ya gani manne a bakin ƙofa, na wani dattijo cikin farar rigar aiki yana murmushi, riƙe da robar madara. Kun ce in yi muku hanya. Zan yi wa wanda ya nace, don ba ni ke riƙe da arzikin kowa ba. Amma a wurin mai shayi ba a gama magana, kowa idonsa na kan waya, shi ya sa na zauna in gaya muku abin da ke bayan ƙofar, da kuma ko wane ne mutumin da ke cikin hoton.

Da farko ku sani mu ba mu da kaya. Ba abin da ya taɓa fita daga gininmu na Sana'iyya, unguwar masana'antu, da sunanmu a jikinsa. Manyan kamfanoni ne suke turo zane da kayan haɗi, mu haɗa musu, a buga tambarinsu, mota ta zo ta kwashe. Fanel ɗin cikin mitar wuta, na fitilun titi, na akwatin da ke sarrafa sanyin manyan gine-gine, duk ta hannunmu suke bi. Duk wanda ya kawo aiki, mai kaya muke ce masa, ba ma wahalar riƙe suna. Aikinmu ya yi kama da na tela, sai dai tela yakan ga rigarsa a jikin mai ita ranar salla, mu kuwa ba ma sake jin labarin abu sai in ya lalace an dawo mana da shi.

Aikin farko da aka ɗora ni a kai shi ne like wayoyi a fanel ɗin mitar wuta. Na zo ƙasar nan da girman kaina, don na yi shekaru ina gyaran rediyo da talabijin a Zariya, ina ganin ba abin da ya rage a nuna mini a ƙarfen soda. Aka zaunar da ni kusa da Malam Ilu, mutumin Gusau, shi ne na cikin hoton, lokacin gemunsa bai gama fari ba. Ya bar ni na like wasu 'yan kaɗan, ya ɗauki fanel ɗin ya karkata shi ga fitila, ya ajiye, ya tambaye ni ko a garinmu da dalma ake yaɓen ɗaki. Na ji haushi ƙwarai, amma da na dubi nasa na dubi nawa sai na haɗiye. Ya ce ba dalmar ake ƙonawa ba, ƙafar wayar ake ɗumamawa tare da ɗan zoben tagullar da ke ƙarƙashinta, sannan a kawo dalmar ta narke da kanta ta zagaye. Like mai kyau yana sheƙi, yana da ɗan tsini kamar jinkar rumbu. Wanda bai ji wuta ba kuwa dunƙulewa yake kamar kashin akuya. Yau zai yi aiki, gobe ma zai yi, sai an kafa shi a kan titi rana ta dake shi sannan ya saki, a dawo mana da shi ana zagi.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma duk wanda ya gan su a kan tebur zai raina su. Ƙarfen soda, da soso mai danshi na goge bakinsa, da hantsaki, da gilashin ƙara girma, sai wata igiya da ake ɗaura wa a tsintsiyar hannu a maƙale ta a jikin tebur. Ita igiyar na daɗe ina yi mata kallon iyayi. Malam Ilu ne ya bayyana mini cewa akwai wata 'yar wuta da jikin mutum ke tarawa, wadda kai ba ka jin ta, amma tana kashe ƙananan kayan ba tare da sun canza kama ba, sai an kai gwaji a ga gawa. Ƙananan kayan nan masu kamar ƙwayar gero inji ne ke jera su. Mu namu shi ne abin da inji ya ƙi, manyan ƙafafu da wayoyi, da kuma gyaran kuskuren injin, wanda ba a taɓa yi masa faɗa a kai. Kuna cewa zama hutu ne. Ku zauna wuri ɗaya, wuya a sunkuye, ido cikin gilashi, hannu ba ya rawa, daga hantsi har la'asar, sannan ku zo mu yi maganar hutu. Ni yanzu in na yi sallama a salla sai na juya da kafaɗuna duka, wuyan ya daina zuwa shi kaɗai.

Amma ba wuya ne babbar matsalar ba, hayaƙi ne. A cikin zaren dalmar akwai wani ƙaro da aka cusa, shi ke sa ta kama. Da zarar ta taɓa ƙarfe sai wani siririn farin hayaƙi ya tashi, mai ɗan ƙamshi ma, kuma ban san dalili ba, fuskar mai aiki yake nufa kullum. Don haka kowane tebur yana da bututu mai baki kamar mazurari, wanda aka ce yana zuƙe hayaƙin ya kai shi wani babban inji a bayan bango, inda filta ke tace shi. Injin nan rugugi yake yi tun safe. Ba ma ƙaunarsa, don yana hana hira, in kana son magana da na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Amma muna jin ƙararsa, kuma a wurinmu abin da ke ƙara yana aiki. Malam Ilu ya fi kowa shan hayaƙin, don idonsa ya fara rauni, yana sunkuyawa har gemunsa ya kusa taɓa fanel. Shi ne kuma ya fi kowa tsabtar aiki, saboda haka duk wani gyara mai wuya gabansa ake ajiyewa.

Madarar da kuke yi mana gori a kanta, asalinta daga gida take. Duk wanda ya taɓa zama a garejin walda ko na fenti a garuruwanmu ya san in an tashi aiki ana shan madara, wai tana wanke ƙirji. Haka na taso na gani, haka Malam Ilu ya taso ya gani, kuma ban taɓa jin wanda ya yi musu ba. Da ya zo nan sai ya riƙa sayen 'yar robar laban, madarar nan tasu mai tsami, yana sha da azahar. Tsohon mudir ɗinmu, wato manaja, mutum ne mai son a ce yana da kirki, ya tambaye shi dalili, ya gaya masa. Sai ya sa aka riƙa kawo wa duk masu soda. Har 'yan Nepal da 'yan Bangaladash da ke layinmu suka karɓi al'adar, wasunsu ma suka ce a ƙasarsu haka ake yi. Malam Ilu kan ɗaga tasa in ya ga sabon ma'aikaci, ya buga ƙirjinsa, ya ce: "Shekara nawa ina wannan aiki, ka ji tari? Wannan ce."

Masu kaya iri biyu suke turo mana. Akwai injiniyoyi masu duba fanel, su ba ruwansu da ko mutum ne ya like ko aljani, in dai ya yi sheƙi. Akwai kuma masu duba lafiyar ma'aikata, waɗanda suke zuwa jefi-jefi, don manyan kamfanonin ba sa son a ce an haɗa kayansu cikin zalunci. Tun kafin su iso za ka gane, sai ka ga ana sabunta fentin layukan ƙasa, an raba sabuwar safar hannu, an goge tukunyar kashe gobara. Ba zan zage su ba, don na ga amfaninsu. Saboda su aka rage cunkoso a ɗakunan kwana, saboda su aka sa na'urar ruwan sanyi, saboda su fasfo ɗina yake cikin akwatina. Sai dai yini ɗaya suke yi, kuma abu biyu kawai suke iya gyarawa, wanda idonsu ya gani da wanda aka faɗa musu.

Shekarar da ta lalace mana, shekarar gaggawa muke ce mata. Wani mai kaya ya ba mu babban aiki na fanel ɗin fitilun titi, kayan haɗin suka maƙale a hanya wata da watanni muna zaman kallon juna, sannan suka sauka gaba ɗaya, ranar miƙa aiki kuwa ba ta matsa ko taku ɗaya ba. A kwangilar, in aka makara mu ne za mu ɗauki hukunci. Lokacin tsohon mudir ya tafi, an kawo sabo, matashi, wanda kalma ɗaya ya iya da Larabci, yalla, wato a yi sauri, kuma ita yake ci ita yake sha. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, ana matsa masa daga sama yana matsa mana. Aka ƙaro tebura aka cusa tsakanin namu. Bututun da ke wa mutum ɗaya aiki aka raba shi biyu, wani wurin uku. Mai zuwa duba injin bayan bango aka ce ya dakata, don sai an kashe layi yake aikinsa, layi kuwa ba ya tsayawa. Cikin abubuwan da aka soke don rage kashe-kashe har da madara.

Kafin wata ya zagayo, in la'asar ta yi kana ganin wani shuɗin hazo yana rataye ƙarƙashin fitilu. Esin da kuke sha'awa iskar ɗakin yake juyawa, ya sanyaya ta ya dawo mana da ita. Idanu suka fara yaji, hanci na zuba, kowa da ɗan tarinsa. Na Malam Ilu ya bambanta. Ni da nake gefensa ina jin wani siririn fito yana fita daga ƙirjinsa duk da rugugin injin. Ranar Juma'a, da yake ba aiki, sai ya warware har ya ja mu salla, Asabar da rana kuma abin ya dawo. Muka duba muka ga an janye madara, tari ya shigo. Lissafin ya fito mana sarai, ba wanda ya nemi wani dalili. Malam Ilu ya fara sayen tasa kamar da, amma ya ce ai tazarar da aka yi ce ta bar datti ya kwanta, kuma ta yaya sauran yaran layi za su yi, waɗanda abin da suke samu gida yake tafiya.

Cikin haka aka ce mai kaya zai turo mai dubawa. Ranar Juma'a kafin zuwan mai dubawar muka taru a ɗakin Malam Ilu, mu Hausawan layin, don ku kun san yadda muke. Ba a tarbar baƙo da tulin koke, kuma ba kowa ke buɗe baki ba in akwai babba a wurin. Aka ce a zaɓi abu ɗaya wanda ya fi komai, babba ya faɗa da yawun kowa, in an samu sai a gode. Awudu, wani mutumin Kumasi da ke zama a ƙarshen layi, shi kaɗai ya kawo maganar bututu. Ya ce shi dai yana ganin hayaƙi yana wuce bakin bututun kamar ba su san juna ba. Malam Ilu ya tambaye shi ko kunnensa ya toshe ne, injin da ke hana mu jin kiran salla shi ne ba ya aiki? Aka yi dariya, Awudu ma ya yi, ya ce to shi ke nan. Muka tashi a kan madara.

Matar da ta zo ba irin masu zagayawa su tafi ba ce. Ta ƙi waɗanda mudir ya ware mata, ta bi layi ta nuna mutane da kanta, ta kai mu ɗakin cin abinci ta rufe ƙofa. Ta zo da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatu a nan, yana yi mata tafinta, yaro mai ladabi, har ya ɗan rusuna da ya gai da Malam Ilu. Ta yi tambaya a kan wurin kwana da abinci da awannin aiki, muka amsa daidai gwargwado. Ta tambayi bututu, aka ce yana aiki, ita ma ta tsaya kusa da shi ta ji ƙararsa. Sannan ta ce in akwai abu ɗaya da muke so a gyara, mu faɗa, ta yi alkawarin ba za ta ambaci sunan kowa ba. Duk muka dubi Malam Ilu. Ya gyara zama, ya yi godiya, ya yi mata addu'ar komawa gida lafiya, ya ce: "Madararmu muke so a dawo mana da ita."

Tafintan ya juya mata maganar. Ita ma ta sake tambaya, madara kawai? Malam Ilu ya ce ita kaɗai, sauran duk da sauƙi. Ina kallon fuskarta, na ga ta yi farin ciki, kuma ban ga laifinta ba. Mutum ya yi ta yawo ana kawo masa matsalolin da suka fi ƙarfinsa, yau ga wadda za ta iya kashewa kafin ta hau jirgi. Sati bai cika ba madara ta dawo, robar ma ta fi ta da girma, har da sabon firji. Mudir ya fi kowa murna, don ya shirya wa abin da ya fi haka tsada. Aka turo mai hoto, aka ba Malam Ilu sabuwar farar riga, aka ce ya ɗaga robar ya yi murmushi. Rubutun da ke ƙasan hoton, wanda Nura bai tsaya karantawa ba, cewa yake a nan ana sauraron ma'aikata. Kuma gaskiya ne, an saurare mu.

Aikin da ya kayar da Malam Ilu gyara ne. An dawo da wani rukunin fanel da aka riga aka shafe da wani man kariya mai kamar fenti, sai an ƙona shi da bakin ƙarfe kafin a kai ga like ɗin da ya saki. Hayaƙinsa ya fi na kullum kauri da ɗaci. Kamar yadda aka saba, gaban Malam Ilu aka jibge su. A lokacin yana shan tasa madarar, yana shan tawa, don ni cikina ba ya son tsami. Da hantsi na ga ya ajiye ƙarfen ba a mazauninsa ba, abin da bai taɓa yi ba, ya dafa tebur da hannu biyu, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Na yi masa magana bai iya amsawa ba, ya nuna mini ƙirji. Tsoro ya kama ni sosai. Ni da Awudu muka riƙo shi zuwa mota, mudir da kansa ya tuƙa, kuma ranar ban ji yalla a bakinsa ba.

Likitan da ya gan shi, bayan numfashin ya daidaita, tambayar farko da ya yi ita ce wane aiki yake yi, ta biyu kuma ko yana samun sauƙi ranar hutu. Ya ce hayaƙin ƙaron ne ya kama masa hanyoyin iska, kuma irin wannan in ya kama ba ya saki, daga yanzu ko kaɗan ya shaƙa zai tayar masa. Ya ba shi abin fesawa a baki, ya ce ya rabu da soda. Malam Ilu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in tambaye shi maganar madara. Likitan bai yi dariya ba, na gode masa da haka. Ya ce madara abinci ce mai kyau, ya ci gaba da sha, amma ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu yake tafiya, ba sa haɗuwa a hanya. A mota muna dawowa Malam Ilu ya ce likitocin nan yara ne, ba su san aikin ƙarfe ba. 

Sai da aka miƙa aikin mai kaya aka kashe layi, sannan mai duba injin ya samu shiga. Ina nan ya buɗe shi. Filtar ta toshe ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar ƙanzon tukunya. Injin yana ta juyawa duk watannin nan, ƙararsa ma ƙaruwa ta yi saboda wahala, amma ba abin da yake ja. Mutumin ya yago tishu ya kanga a bakin bututuna, ya saki, tishun ya faɗo kan tebur. Ya ce in yana ja, zai riƙe shi. Ya canza filta, ya sake kangawa, tishun ya manne ɗaram. Awudu yana tsaye a wurin, bai ce ai na faɗa ba, ya dai juya ya koma teburinsa. Wannan gyaran ba a kira mai hoto ba.

Daga nan sai aka shiga neman mai laifi, kuma a irin aikinmu ba a samunsa. Kamfaninmu ya ce mai kaya ya turo an duba, an ce komai daidai, abin da ma'aikata suka nema ma an ba su. Mai kaya, da maganar ta kai gare shi, ya ce yana jajantawa, amma Malam Ilu ba ma'aikacinsa ba ne. Kafil ɗin da ya kawo shi, wanda shi ke ba kamfani hayar ma'aikata, ya ce shi mai soda ya kawo, in ba zai iya soda ba sai a san yadda za a yi. Kowa ya faɗi gaskiya, kuma kowa ya wanke hannunsa da ita. An mayar da shi wurin ɗaure kwali na ɗan lokaci, mutumin da injiniyoyi ke ɗaukar hoton like ɗinsa, yana jan selotef. Ba a kore shi ba. Kwangilarsa ce ta ƙare ba a sabunta ba, aka ce masa khalas, wato shi ke nan, aka ba shi tikiti da takardar yabo.

Ranar da zai tafi na taya shi ɗaure kaya. Ya nannaɗe wani ƙarfen soda da ya saya da kansa cikin tawul, da hantsakinsa, da gilashi. Ya ce zai buɗe rumfa a Gusau, gyaran waya da rediyo, a fili inda iska ke kaɗawa, ai ba kamar ɗakin nan ba. Ya buɗe kuwa. Ɗansa ya gaya mini bai yi sati ba aka kwashe shi zuwa asibiti, ya sake gwadawa aka sake kwashe shi. Yanzu ƙarfen yana cikin tawul ɗinsa a saman kwaba. Mutum ya ba sana'a ƙuruciyarsa da idonsa, ya koma gida bai iya tsayawa kusa da ita. Wannan abin yana ci mini rai har yau, kuma na gaji da tunaninsa.

To ga aikin da kuke so in yi muku hanya. Ba na ce ya fi tsayuwa a rana wuya ba, kowane da irin cinsa, naku yana ci daga waje, namu daga ciki. Wanda ya samu shiga, zan koya masa abin da aka koya mini, yadda ake ɗumama ƙafa kafin a kawo dalma, yadda ake gane like da ido. Amma kafin ka kunna ƙarfe, kowace safiya, ka yago tishu ka kanga a bakin bututunka. In ya manne, bismillah. In ya faɗo, kada ka zauna, ko da injin yana girgiza ginin. In kuma masu dubawa sun zo sun ce ku faɗi abu ɗaya, ku faɗi uku, ku bar na ƙarshen layi ya yi magana. Ba baƙunci suka zo ba, aiki suka zo, kuma abin da kuka roƙa shi za a ba ku.

Makon jiya na kira Malam Ilu. Maganarsa yanzu gutsi-gutsi take fita, yana tsayawa ya nemi iska a tsakiyar gaisuwa, ni kuma na koyi yin shiru in jira. Ya tambayi Awudu, ya tambayi ko sabbin yaran suna yaɓen ɗaki da dalma irin nawa. Na gaya masa hotonsa na nan a bakin ƙofa, har wasu samari masu gadi sun gani suna kwaɗayin aikin. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe wayar har ya lafa. Sannan ya ce: "Sale, ana ba ku madarar har yanzu?"

Na ce ana bayarwa, Malam, kullum.

Ya ce: "To alhamdu lillahi. Ko ba komai na bar muku wannan."

Na ce haka ne, Allah ya saka da alheri. Gobe Asabar zan wuce ta gaban hoton, in karɓi robata a bakin firji, in ajiye ta a gefen tebur, in yago tishu.